Ka Zaɓi Kamiyo, Malam

Malam,

Sallama a gare ka, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, ba kuma inda zan aika ta. Na gaji ne da yi maka magana a cikin raina ina wanke-wanke, shi ya sa yau na zauna na ɗauki biro. Ko da kana da rai ba ka cika bari magana ta kai ƙarshe ba, kullum kana tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Yanzu dai ba inda za ka.

Muna nan Saint-Denis a gefen Paris, gidan da ka bar mu. Zara ta gama lise, wato sakandare, ta shiga jami'ar nan ta unguwarmu, da ƙafa take zuwa. Ni na samu aiki a ɗakin abincin wata makarantar yara, ina raba shinkafa ina goge tebur, ƙafafuna na kumbura da yamma. Inna tana Maradi, idonta ya ƙara rauni. Duk sa'ad da na kira ta sai ta yi ta sa maka albarka, ta ce ɗanta ya rasu a bakin neman halal. Ina amsa mata da amin. Ban gaya mata sauran ba, kuma ba zan gaya mata ba. Kai zan gaya wa.

Ka tuna ranar da ka samu permi, takardar izinin tuƙa kamiyo, babbar motar kaya? Ban daɗe da zuwa ƙasar nan ba, ko metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ban iya shiga ni kaɗai ba. Ka dawo daga Bobigny kana ta dariya kamar yaro, ka ajiye shi a kan tebur ka hana kowa taɓawa da hannun maiko. Ka ce an gama ɗaukar wa ƴan kasuwa kwali a ka, an gama zaman fuwaye a Montreuil, inda maza ke cunkushe a ɗaki guda. Na taya ka murna da zuciya ɗaya. Da wannan permin ka ɗauki nauyinmu, da shi ka rufa wa Inna ɗaki da kwano, ban manta ba. Paris zuwa Lyon, Lyon zuwa Paris, har ka san hanyar fiye da fuskar ƴaƴanka.

Sai ranar Juma'ar nan da ka faɗi a bakin masallaci kana sa takalmi. Aka kwashe ka zuwa asibiti, aka riƙe ka kwanaki. Hankalina ya tashi, don na tuna yayanka Habu, wanda ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Maradi yana tsakiyar ciniki, bai sake tashi ba. Na gaya maka tsorona. Ka ce gajiya ce da rashin barci, ka ce lokotoro ya ba ka ƙwayoyi kuma sun isa. Ranar da za ka koma ganin sakamako na ɗaura zane zan bi ka, ka ce in zauna, ba wani abu ba ne. Na zauna. A zamanmu ban taɓa kama ka da ƙarya ba, to me zai sa in yi shakka?

Ka koma aiki. Da lokacin sabunta permi ya yi, ka je wurin lokotoron da hukuma ta amince da shi ya duba direbobi. Ban san abin da ka faɗa masa ba. Na dai san ka dawo da permi sabo da kaza gasassa a leda.

Ranar da abin ya faru ina guga aka buga waya. Jandarma ne, yana magana a hankali don in gane. Zuciyarka ta tsaya kana kan sitiyari, daf da shiga Lyon, da rana tsaka. Kamiyon ya goce ya matse wata ƙaramar mota a jikin ƙarfen gefen hanya. Alhaji Sani, abokinka tun zaman fuwaye, wanda ke da shago a Lyon, shi ya tarbe ni a tashar jirgi, shi ya riƙe min jaka har ɗakin da aka ajiye ka. Fuskarka ba ko ƙwarzane. Kamar mai barci.

Matar da ke cikin ƙaramar motar ba ta mutu ba, Malam, amma an ce ba za ta sake tafiya ba sai da sanda. Malamar makaranta ce. Na ga mahaifiyarta a barandar asibiti, tsohuwa da baƙar jaka a cinya, tana kallon bango. Ba ta san ko ni wace ce ba. Na wuce ta gabanta kaina a ƙasa. Kai ka yi tafiyarka, ni aka bar wa wannan kallon.

Bayan an yi sadakar arba'in asibitinmu na nan ya kira ni, suka ce in kawo yara a duba su, don ciwon naka yana bin jini. Lokotoron zuciyar da ta duba ka, wata mata mai furfura, ita ta zaunar da ni. Ta ɗauka na san komi. Da ta ga ban sani ba sai ta cire gilashinta, sannan ta faɗa min. Naman zuciyarka ya yi kauri fiye da kima, irin wanda ke rikita bugu ba sallama. Ta ce ta shawarce ka a sa maka wata ƴar na'ura a ƙarƙashin fata, kusa da kafaɗa, ba ta fi kwalin ashana ba. Defibirilatar suke ce mata. Tana sauraron zuciya dare da rana, in bugun ya rikice sai ta fizge ta da lantarki ta dawo da ita hanya.

Ta ce ka saurara har ƙarshe, sannan ka yi tambaya guda: permi fa? Ba ka tambayi ko aikin da haɗari ba. Ba ka tambayi yaranka ba. Ta gaya maka gaskiya, cewa mai wannan na'urar ba a barinsa ya ja kamiyo, ko bas, ko taksi ma, don in ta harba mutum na iya suma na ɗan lokaci, kuma ba a wasa da haka a kan mota mai nauyi. Ƙaramar motar gida kam za ka iya bayan an ɗan jima. Ta kuma ce maka ko ba na'urar, da wannan zuciyar bai kamata ka sake hawa kamiyo ba. Ka yi mata godiya, ka ce za ka yi shawara da iyalinka. Da wane iyalin ka yi shawarar, Malam? Sun yi ta kiranka ba ka koma ba. Ita kuma doka ta ɗaure mata baki, ba ta da ikon kai ƙararka wurin kowa.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce in an karɓe permin me za mu ci, mutum ya haura arba'in, ba takardar makaranta, ba wata sana'a. Ban ce tsoron nan ƙarya ba ne. Na ga yadda ake yi, su ce wa mutum ya ajiye aikinsa na rayuwa a cikin magana biyu, sannan su miƙa masa hannu a yi ban kwana. Amma Alhaji Sani ya gaya min yana kuka cewa sau nawa ya roƙe ka ka zo ku riƙe shagon tare, tun kafin ciwon, kana ce masa kai ba mutumin zama bayan kanta ba ne. Ashe ba yunwa ka ji tsoro ba. Ka ji tsoron a gan ka a masallaci a ce ga Isuhu direba an sauke shi. To ni da nake goge teburin ƴaƴan mutane yanzu, wa ya mutu don ya gan ni?

Mutane suna ce min kwana ne ya ƙare. Na yarda, ba wanda ke wuce ranarsa. Amma ƙafar malamar nan fa? Ita ma kwananta ne? Ƙaryar da ka yi min a tsakar ɗakina fa?

Saura labarin ɗanmu Abdu, shi ne ya sa na ɗauki biron nan. Zara lafiyarta lau, amma shi an same shi da irin zuciyarka. Ka san tun yana ƙarami ba ya da buri sai tuƙi, har ya fara koyon jan bas. Lokotoron nan mai furfura dai ta faɗa masa abin da ta faɗa maka, a wancan ɗakin, ina zaune a gefensa. Ya daina cin abinci da mu, ya daina kula kowa, ya fasa ƙofar ɗakinsa da naushi. Ban lallashe shi ba. Na ce masa in ya ƙi na'urar, ya gaya min a fuskata, kar ya ɓoye. Wata safiya ya fito ya ce in raka shi. Aka sa masa ita. Har yau in bas ta wuce sai ya kau da kai. Yanzu yana aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, shi ke tsara wa direbobi hanya, kuma ba ya son aikin.

Makon jiya suna jiran metro shi da Zara da safe, sai ya sulale ƙasa a cikin jama'a. Zara ta ce kafin ta gama ihu ta ga jikinsa ya zabura, ya buɗe ido. Da na isa asibiti ko mayafi ban yafa daidai ba, na tarar da shi zaune a kan gado yana cin burodi, yana faɗa wai an ɓatar masa da takalmi ƙafa ɗaya a cikin motar asibiti. Ya ce ji ya yi kamar jaki ya harbe shi a ƙirji. Shi ke nan, Malam. Abin da ka guda ke nan. Na tsaya ina kallonsa yana tauna, ƴan asibiti suka ɗauka kukan farin ciki kaɗai nake yi.

Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, ban taɓa tsallakewa ba. Ina roƙon Allah Ya yafe maka, Ya ba malamar nan sauƙi. Tawa yafiyar kuwa ban kai can ba tukuna, kuma ba zan ce maka na kai ba alhali ban kai ba. Ka jira, kamar yadda na yi ta jiranka.

Sai Allah Ya haɗa mu.

Matarka,
Rakiya, uwar Abdu da Zara