Tara Muke a Bakin Kabarin Mahaifinka

Camagüey, 3 ga Maris, 1998

Zuwa ga ɗana Vitali,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Débora da yaran, Ya kuma sa sanyin New Jersey ɗin nan naku bai kwantar da kowa ba. Mu nan alhamdu, sai gwiwata da ta rantse ba za ta ƙara hawa bene ba. 'Yata Estrella ta haihu, namiji, mai baki kamar na kakarsa. Bishiyar mangwaron da ka faɗo daga kanta kana shekara bakwai tana nan, ta fi mu duka lafiya.

Na san ka ce kada in ƙara yi maka zancen mahaifinka. Na ji, na kuma bi, tun rasuwarsa bara ban ambace shi a takarda ba. Yau kam zan karya, ka yi fushi in ka ga dama, ni gwaggonka ce, na yi maka wanka. Ranar Lahadi da la'asar aka nuna fim ɗin tarihinsa a silimar gari. Wata mata ce daga Habana, Yamilé, ta yi shekara biyu tana bin sa da kyamara kafin ciwon ya kwantar da shi. Na tafi da niyyar in ga ƙaryar da za su shirga, na dawo ban iya cin abinci ba.

Da farko dariya muka sha. Ga mahaifinka Nissim ɗan shekara ashirin, siriri kamar tsinke, yana jifa a filin ƙwallon gora, jama'a na ihun Polako, Polako, wato ɗan Poland, alhali ubanmu daga Turkiyya ya zo, bai taɓa ganin Poland ko a mafarki ba. Sai ga tsoho Cheo, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsugune yana cafe masa ƙwallo, ya ɗaga tafin hannunsa a kyamara wai a duba ɓarnar da Bayahuden nan ya yi masa, ko cokali ba ya iya riƙewa da kyau. Mahaifinka ya ce ƙarya yake, giya ce ta lanƙwasa masa yatsu. Silima ta ɗauki shewa. Ni ma na yi, har na manta ya mutu.

Can sai matar ta yi masa tambayar da kai ka daɗe da amsa wa kanka. Ta ce a 1962 wata ƙungiya ta Amurka ta neme shi, matarsa da ɗansa ɗan shekara tara sun hau jirgi, me ya zaunar da shi. Kai da mahaifiyarka kun ce tafi da ihun 'yan kallo ne suka fi masa ku. Vitali, ni ma haka na ɗauka, shekara talatin da biyar, kuma na faɗa masa a fuskarsa ba sau ɗaya ba.  A fim ɗin kuwa, sai ya ɗaga hannuwa ya fara ƙirga mazan da suka rage a majami'armu waccan shekarar bayan kowa ya watse, suna bayan suna, har ya kai tara. Ya nuna ƙaramin yatsansa, wanda ƙwallo ta karya, ya ce wannan shi ne, na goma. Ya ce ubanmu yana kwance yana jiran mutuwa a lokacin, ya riƙe masa hannu ya tambaye shi wa zai cika goman da za a yi masa Kadish in ya tafi, addu'ar mamacin nan tamu da ba a yi sai da maza goma. Ya ce shi a ransa shekara ɗaya ce, ya binne tsoho ya bi ku. Tsoho ya yi shekara huɗu. Kafin nan hanyar zuwa Amurka ta rufe, mahaifiyarka ta yi wani auren, kuma duk lokacin da yaro ɗaya ya girma ya shiga lissafi sai tsoho ɗaya ya fita. Ya yi dariyar nan tasa ya ce wai ƙwallon gora mutum tara take nema, Allah kuwa sai goma, shi ya sa nasa wasan ya fi wuya.

Matar ta ce me ya hana shi gaya maka. Ya ce ya za a yi ya ɗora wa yaro ɗan shekara tara fushi da kakansa da Allah gaba ɗaya, gara ya yi fushi da shi, shi ya saba da ihun 'yan kallo. Daga nan ya juya yana gyara hularsa. A nan na yi kuka, irin kukan da ban yi ba ranar da ya cika.

Yanzu ga abin da na ɓoye maka. Da na kira ka na ce an yi jana'iza lafiya, ƙarya na yi. Mutum ya fi ɗari uku a maƙabarta, tsofaffin 'yan wasa da masu kallo, da furanninsu, ba su san mu tsakuwa muke ajiyewa ba, ba kuwa wanda ya hana su. Da aka zo Kadish, tsoho Behar mai ja mana addu'a ya ƙirga mazanmu, ya sake ƙirgawa. Tara. Ashe mai cika mana goman ne a cikin akwatin, ba wanda ya tuna sai a lokacin. Na ce ga ni, shekara hamsin ina share majami'ar nan, Behar ya ce in yi haƙuri, na san mace ba ta shiga. Cheo ya matso ya cire hula, ya ce a sa shi mana, ai ya daina cin naman alade a gaban Polako tun 1951, in ma wani abu ake yankewa a yanke, a shekarunsa ba asarar komai. Wasu suka yi dariya cikin hawaye. Behar ya rungume shi yana kuka ya ce ba zai yiwu ba. Haka muka rufe yayana, mutumin da ya cika wa kowane mamaci a garin nan goma, ba a yi masa ba. Har yau ban yafe wa Behar ba, kuma na san gaskiya ya yi.

Ba na ce ka yafe masa ba. Na san wahalar da mahaifiyarka ta sha a masana'antar ɗinki, na san ka girma kana ganin hoton ubanka a jarida ba a gida ba. Wannan tsakaninka da ranka ne. Ranar 14 ga Yuni za a yaye ƙyallen da ya rufe dutsen kabarinsa bisa al'adarmu, kuma a ranar za a iya yi masa abin da ba a yi ba. Na ba ɗan Estrella babba kaset ɗin fim ɗin ya saka a wasiƙar da za ta bi ta hannun likitan nan mai zuwa Miami. Ka kalla ko kada ka kalla. Ba sai ka iya karatun ba, Behar zai faɗa ka maimaita. Ba sai ka yi kuka ba ma, tsayuwa kawai za ka yi a ƙirga ka.

Ka gaishe mini da Débora, da Alegra, da ƙaramin Salvador, ka ce ya daina cin farce. Estrella da mijinta suna gaishe ku. Cheo ya ce a gaya maka safar kamun ƙwallon da ka bari a ƙarƙashin gado tana wurinsa, mahaifinka ya yi ta shafa mata mai duk shekara kada ta tsage.

Jiya na sake ƙirga mu da yatsuna, ko na yi kuskure. Tara muke, ɗana.

Gwaggonka mai jiran ka,
Sultana Mitrani