A Aiko Min Allon Saukata

Gaisuwa mai tarin yawa daga babban jarumi Jalo na Jos zuwa ga ɗaukacin mutanen Garo, har awakin Inna! Yaya Nasir, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, ƙiba ma nakeyi, wandona ne dai yaketa ƙara faɗi.

Albishirinka, nasamu fim! Zan fito a saurayi mai kunya, ko sallama baya iyawa cikin mutane, ƙarshe ya tashi yayi karatu gaban gari guda, murya ko gezau. Darakta yace ƙarshen na iya, amma wai bansan kunya ba, in ban gyara kafin Asabar ba zai ba wani. Dariya kawai nayi. Baisan ranar saukata ba, da na ajiye allo gaban jama'a na ruga cikin dawa.

Don Allah Yaya ka ciro allon nan mai zayyana a ɗakin Inna kaba direban Kabo mai zuwa Jos ya kawomin. Ina riƙeshi gwiwata zata tuna rawarta. Ka gayawa malamina na allo, Malam Baƙo, ya yafemin, wannan karon sai na kai ƙarshen karatun.

Ƙaninka, Jalo