Kanwar Shanun Kakau

Kakau, Kaduna, 1985

Mama,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiyata ƙalau, haƙora biyu ne kawai suka fita, kuma ina cin tuwo.

Shanun gonar nan dusa suke ci. Dole a barbaɗa musu kanwa, in ba haka ba cikinsu ya yi tsami, madara ta ragu. Makon jiya ta ragu, sai manaja ya caje mu a bakin ƙofa. Ya sami ɗan dunƙulen kanwa a aljihun Matthew, abokin aikina, matarsa za ta dafa wake. Da sarƙar ɗaure saniya ya dake shi har kansa ya fashe, jini ya zuba cikin bokitin madara. Na riƙe hannun manajan, sarƙar ta juyo bakina.

Ku sa Matthew cikin addu'a, har yau bai gane matarsa ba.

Kanwar da kika ce in ɗebo miki, Mama, ki yi haƙuri ki saya a kasuwa.

Ɗanki,
Tagwai