Itacen Baba Lam Ya Yi Fure

Panyu, Guwanzu, Ƙasar Sin,
6 ga Afrilu, 2009

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta zumunci, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta tarar da ke da Inna da yara cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya lau, Malam maigidana na ta zirga-zirga unguwar Pazhou saboda bajen kolin da ya gabato.

Yaya, wata amana na ɗauka da ta kusa zubar mini da mutunci. Maƙwabcinmu, wani dattijo Baba Lam, yana da ɗan itace a kasko, zitang suke ce masa. A lambu yaɗo yake har ya rufe rumfa, amma mutanen nan sai su tsare shi a kasko, ya tsufa bai wuce gwiwa ba. Marigayiya matarsa ce ta shuka, kuma shekara tara bai taɓa fure ba. Bara da ɗansa ya ɗauke shi Beijin kallon wasannin Olamfik, sai ya kawo mini, ya nuna da hannu cewa ruwa kawai zan riƙa ba shi.

Ashe itacen ba ya jin magana! Cikin sati uku ya kama igiyar shanyata, ya nannaɗe hannun rigar Malam. Raina ya ɓaci, na ɗauko almakashi na datse duk rassan da suka zaƙe. Tsohon kuma ya yi zamansa can wajen jikoki. Da sanyi ya shigo, ganyen ya zube tas, sai ƙirare. Malam ya ce in shirya bayanin da zan yi, ni da ban iya komai da yarensu ba sai gaisuwa da godiya. Haka na yi ta shayar da busasshen icce ina istigfari.

Watan jiya sai ga fure! Shunayya, yana reto kamar nonon inabi, ƙamshi har kan matakala. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don a satin Baba Lam ya dawo. Ya daɗe zaune gaban kaskon, yana dariya yana share ido. Jikarsa mai jin Turanci ta bayyana mana cewa tausayi ne ya hana shi sa masa ƙarfe tun rasuwar matarsa, alhali datsewar itacen yake so. Ya tambayi malamin da ya koya mini, na ce Inna ce, mai sassabe lallen bayan ɗaki duk shekara. Ya ba da ganyen shayi a kai wa wannan babbar malama, yana cikin kayan Alhaji Tankari da zai taso jibi. Ki gaya mata sunanta ya kai Sin tana zaune kan tabarma.

Ki gaishe da Inna, da Kawu Ilu, da Fasuma da jaririnta. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Mas'uda