Askin Ƙasimu

Nima, Ankara
Mayu, 1994

Adiza ta haihu, namiji! Yaya Ƙaltume, ki yi haƙuri na fara da labari kafin gaisuwa, bakina ne ya kasa riƙe shi. Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da duk 'yan'uwa na Kumasi. Yaya kasuwar goro?

Jiya da hantsi ta sauka. Yaro cikakke, ga tsawo ga murya. Tun da muka binne Jibirilu ban yi dariya a gidan nan ba sai jiya. Allah ya karɓi ɗana, ya bar matarsa da ciki, yau ga shi ya ba ni jika.

Wata ungozoma ce ta karɓi haihuwar, Sista Amama. A asibiti sauran sun yi ta jan ƙafa, ita ta naɗe hannun riga. Dama tun jinyar Jibirilu take zuwa mana.

Na fito da askar Baba daga zabira na wasa ta. Rabin yaran Nima ni na yi musu askin suna, yau ga nawa ya zo. Da hannuna na rubuta wannan, kin ga makarantar dare ba ta tashi a banza ba. Ki sanar da dangi.

Ƙanenki,
Mahama Wanzami

Kumasi

Zuwa ga ƙanena Mahama,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, direba ya kawo mini wasiƙarka. Barka da arziki. Allah ya raya, ya jiƙan mahaifinsa.

Mai rubuta mini wannan ɗan unguwarmu ne, saboda haka akwai kalmar da ba zan faɗa ba, kai ka gane. Ka ce mana ciwon ƙirji ne ya kashe Jibirilu, muka karɓa. Amma direbobin tashar Tudu suna da baki. Sun ce Amamar nan 'yar wata ƙungiya ce ta likitoci da nas-nas masu kula da masu wannan cuta, kuma ba ta shiga gida sai da dalili. Sun ce duk Nima an sani, kai kaɗai ka ɗauka ba a sani ba.

Ka yi tunani, Mahama. Da askar nan kake ci, da ita kake ciyar da Adiza. Ranar da aka ga ta taɓa kan yaron nan, wa zai sake miƙa maka kansa, balle kan ɗansa? A raɗa suna a masallaci, a yanka rago a raba, ban da taro. Matar nan kuma ta rage zuwa.

Ƙafata na ciwo, ba zan samu zuwa ba. Na aiko da goro da turmin atamfa. Allah ya rufa asiri.

Yayarki,
Hajiya Ƙaltume

Nima
Yuni, 1994

Yaya Ƙaltume,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya ƙafa? Goro da atamfa sun iso, mun gode. Na daɗe ban amsa ba don ban san da wace fuska zan amsa ba.

Direbobi ba su yi ƙarya ba. Ƙanjamau ce ta kashe Jibirilu, kuma an samu Adiza da ita.

An raɗa suna, Ƙasimu. Ban gayyaci kowa ba, amma maƙwabta sun shigo, har da Salamu, wanzamin unguwar Mamobi. Na shimfiɗa tabarma, na buɗe zabira, Adiza ta miƙo mini yaron. Da na ɗaga kai sai na ga ba mai kallon jariri, aska kowa ke kallo. Salamu ya ce, "Alhaji, da wannan ɗin za ka yi mana aski gobe?" Ya yi dariya, wasu suka taya shi. Yaya, sai na ji bakina yana cewa yaron na mura, a bari ya warke. Na mayar da aska.

Ba ya mura. Yau ya haura wata da gashin da ya zo duniya da shi. Adiza na rufe masa kai da hular ulu a zafin nan, don kada matan gida su gani, ƙuraje sun feso masa a ƙeya. Shekaranjiya na yi askin suna a wani gida, na dawo da naman da aka ba ni, ta durƙusa ta karɓa ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Da ma ta zage ni.

Sista Amama kuma na roƙe ta ta daina zuwa da farar riga, ta riƙa shigowa ta ƙofar bayan gida, wajen kwata. Ta ce, "Baba, ko ta taga ce zan shigo, in dai zan ga Adiza." Ta ce ƙungiyarsu ma haka ta samo asali: a asibiti akwai masu gudun irin waɗannan majinyata, sai waɗanda ba sa gudu suka haɗa kai. Suna taro a unguwar Adabraka, har sun kira wanzamai don a nuna mana aiki da sabuwar reza, kowane kai da tasa. Ban je ba, kada a gan ni.

Ki sa ni a addu'a.

Mahama

Kumasi

Mahama,

Bayan gaisuwa. An karanta mini wasiƙarka, na kasa cin abinci. Na ce a rage taro, ban ce ka bar ɗan Jibirilu da gashin ciki kamar wanda ba shi da kowa ba. Ko da yake ni na tsorata ka, wannan na sani. Ciwon ƙafata kuma bai kai yadda na faɗa ba.

Ka gaya mini gaskiya, shi ma yaron yana da ita?

Allah ya yafe mana.

Ƙaltume

Nima
Yuli, 1994

Yaya Ƙaltume,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. An yi aski.

Ranar Asabar da la'asar Sista Amama ta shigo ta babbar ƙofa da farar rigarta. Ta zauna a tsakar gida, ta cire wa Ƙasimu hula, ta ɓare sabuwar reza. Ta ce, "Baba, Adiza ta roƙe ni in yi, tunda gidan nan ba wanzami."

Ta riƙe reza kamar mai yanka kuɓewa. Ba ta jiƙa gashin ba, ba ta tallafi ƙeya ba, kuma ta nufi maɗiga kai tsaye. Ban san lokacin da na isa gabanta ba. Na ce, "Ke, za ki yi mini ɓarna." Ta ce, "To ni ungozoma ce, me na sani?" Ta miƙo mini rezar, da safar hannu da ta riga ta ciro daga aljihu. Matan gida na tsaye suna kallo. Na aske shi tas, ko ƙwarzane babu, rezar kuma na jefa ta a gwangwanin da ta zo da shi.

Tambayarki, na yi wa Sista Amama. Ta ce ba za a tabbatar ba sai ya kai shekara da rabi, wasu na tsira, wasu ba sa tsira. Masu zuwa aski wurina kuwa wasu sun koma wurin Salamu. Asabar mai zuwa zan je Adabraka da zabirata.

Adiza ta goya shi ba hula, ta kai shi har kasuwar Nima. Ki hau mota ki zo, ki taho da duk wanda ya yarda ya biyo ki. Ku zo ku ga kan yaron nan, sai ƙyalli yake.

Ƙanenki,
Mahama Wanzami