Gazali Yana Jiran Allura

Tudun Wada, Sakkwato
4 ga Maris

Ƙanwata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin Turai? Inna tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Na karanta wasiƙarki har sau biyu. In na fahimta, wannan allurar rigakafin ƙanjamau da kuke haɗawa, wadda kika ce ta DNA ce, saƙo take kai wa jiki don ya san kamannin cutar tun kafin ta zo. Kin ce sojojin jiki ba sa farkawa sosai, shi ya sa kuke ƙara mata wani sinadari, kuna ɗana wa wurin allurar ɗan lantarki don ta shige. Kuma ɓerayenki sun amsa. Madalla! Shekara tara kina karatu, ga shi kin zama mai jona wa ɓera wuta. Da kin faɗa, da na aiko miki da na shagona kyauta.

Sai maganar ƙanenmu Gazali. Duk wata sai ya je asibiti ya bi layin karɓar ƙwayoyinsa na wannan cutar, da rana tsaka, kowa na kallo. Ni kuwa ina neman shugabancin ƙungiyar 'yan yadi, zaɓe saura wata huɗu. Makon jiya Alhaji Illo, abokin takarata, ya tambaye ni jikin Gazali a bainar jama'a yana murmushi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Don haka na mai da shi gonarmu ta Wamakko, iskar can za ta yi masa kyau.

Yayanki mai ƙaunarki,
Ubaidullahi

19 ga Mayu

Adawiyya,

Bayan sallama da fatan alheri, ya jiki, ya ɓerayen? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Ashe haka kika iya faɗa? To, gaskiya ƙawarki Rahma, ma'aikaciyar asibitin nan, ta gaya miki: wata biyu ke nan Gazali bai karɓi magani ba. Ta zo har gida nemansa, na ce mata ya tafi fatauci Nijar.

Amma ni ban ce ya daina ba. Wasiƙarki kawai na karanta masa, wajen da ɓeraye suka amsa. Inda kika ja layi kika ce rigakafi ce ba magani ba, ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, kuma da sauran shekaru kafin a gwada taku a jikin mutum, nan na tsallake. Me zai yi da wannan? Da kin ga murnarsa! Da bakinsa ya ce tunda yayarsa tana tafe da allura, ya huta da layi. Ban musa masa ba, kin san ba na son ɓata wa yaro rai.

Kada ki wahalar da kanki da kira, wayarsa tana hannuna, hutu yake buƙata. Wasiƙar da kika aiko masa ma na adana ta. Ya ɗan rame, yana tari, Inna ta koma can tana kula da shi. Kin ce za ki zo da zarar an ba ki hutu. Ki bari sai bayan zaɓe.

Naki,
Ubaidullahi

27 ga Yuli

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gazali ya rasu ranar Talata da hantsi. Mun yi masa sutura a Wamakko, na ce wa jama'a taifot ne. 'Yan yadi sun cika wurin, har da Alhaji Illo, don kin san sabon shugaba ba ya rasa masu ta'aziyya. Na ci zaɓen da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya. Wallahi na yi kuka, ƙanena ne.

Inna ta ce a makonninsa na ƙarshe, duk motar da ya ji ta tsaya a bakin gona sai ya lallaɓa ya nannaɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya zuba wa ƙofa ido. Haka aka same shi, dantsensa a buɗe.

Ta tambaye ni me ya hana ki kawo allurar. Na ce mata kin ce sai kin gama da ɓeraye tukuna. Tun daga ranar ba ta son a ambaci sunanki, don haka kada ki zo gaisuwa, za ki ƙara mata ciwo ne kawai.

Ki dage da aikinki, Allah ya ba da sa'a. In allurar ta kammala, ki tuna ina da 'ya'ya biyar, da su za ki fara.

Yayanki har kullum,
Alhaji Ubaidullahi
Shugaban 'Yan Yadi