Tseren Buhun Hatsi

Yamai, 24 ga Fabrairu, 1985

Zuwa ga matata Salamatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Inna da Mariya da ɗan ƙaramin maigida, Bala. Yaya ƙafar Inna? Yaya zafi, yaya haƙuri? Mushe Hasan, kai da za ka karanta mata, ina gaishe ka da ɗalibanka na lakol, kuma don Allah ka karanta duka, kada ka tsallake inda ka ga na yi wauta.

Saƙonki ya iso ta bakin direban kamiyon Tawa, babbar motar kayan nan. Ya ce dusar ta ƙare, kun koma cin 'ya'yan anza na daji, kuma kin fara yi wa Inna maganar a sauke damin hatsin nan uku na iri da ke rumbu. Ban ga laifinki ba, ke kike jin kukan yara. Amma ina roƙonki ku ƙara mini kwana hamsin. In aka ci irin nan, ko sama ta tsage da ruwa bana ba mu da abin jefawa a rami, kuma gidanmu ya tashi ke nan kamar na maƙwabtanmu su Tabawa.

Ni dai ina lambun nan na Gudel, ina ɗibar ruwa daga kogi da arozuwar biyu, bokitan nan na ban ruwa. Kogin ma ya ja baya, sai ka yi tafiya cikin yashi kafin ka same shi. Ladan aikin abinci ne da wurin kwana. Iyakar Najeriya a rufe take, ba zancen cin rani can.

Ga abin da ya sa na ce kwana hamsin. Ran sha biyar ga Afrilu, ranar bikin sojoji, za a yi tsere a Yamai, maraton suke ce masa, kilomita arba'in da biyu. Mutum ashirin na farko kowa zai samu buhun hatsi. Na san kina dariya. To, ki tuna ni ne mai bin raƙuman Baba da gudu har kasuwar Tawa in komo kafin la'asar. Akwai wani Bazabarme maƙwabcin lambunmu, Oumarou, tsohon soja ne, ya yi irin wannan gudu da ƙuruciya. Ya ga ina sassarfa da arozuwar, ya ce ƙafafuna sun fi kaina amfani, zai koya mini.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta sa ni a addu'a.

Mijinki,
Tanimu

Yamai, 29 ga Maris

Salamatu,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya jikin Bala? An ce zawon ya tsaya amma ba ya wasa. Allah Ya ba shi lafiya. Na gode da kika haƙura, na san ba ƙaramin abu na ɗora miki ba.

An rubuta sunana, an ba ni lamba ɗari biyu da shida da zan liƙa a ƙirji. Wuni guda na yi a layi, wani jandarma yana juya katina yana tambayar abin da ya kawo mutumin Tawa Yamai, kamar bai san abin da ya kawo mu duka ba.

Kullum bayan sallar asuba nake fita, daga Gudel in ratsa Yantala in komo, Oumarou yana bina a keke yana zagina da Zabarmanci. Ya ba ni takalminsa na soja na roba, ya fi ƙafata, ina cusa tsumma a gaba. Ya ce gudron, wato kwalta, ba yashin garinmu ba ne, zai cinye tafin ƙafa. Ba zan ɓoye miki ba, jikina ya yi sanyi. Na ga waɗanda zan kara da su, sojoji da 'yan makaranta masu cin abinci sau uku, cinyoyinsu kamar turmi. Ni sau ɗaya nake ci, sannan in ɗebi ruwa har magariba. Wandona sai da na ƙara masa ƙulli.

Abu ɗaya muke faɗa da Oumarou a kai. Wai a tseren ana ajiye tebur da kofunan ruwa a hanya, mutum ya fizga yana gudu, ya kurɓa, ya watsa sauran a ka, ya jefar da kofi. Na gwada, na ƙware, ruwan ya fito mini ta hanci. Kuma zuciyata ba ta so. Kin san Baba, Allah Ya jiƙansa, da sanda ya koya mana cewa jaki ne ke shan ruwa a tsaye. A tsuguna, a yi bisimilla, a sha sau uku, a miƙa ƙwarya da hannu biyu. Shekara talatin ban sha ruwa a tsaye ba. Oumarou ya ce ranar tsere in bar ladabina a gida, Allah ba zai kama ni ba. Na ce masa to.

Wani lokaci ina cikin gudu sai in ji kunya ta kama ni. Mutum da iyali cikin yunwa, yana ƙona ɗan abin da ya ci a kan hanya ba inda za shi. Amma ban ga wata ƙofa ba, Salamatu, na duba.

Saura kwana goma sha bakwai. Ku riƙe.

Naki,
Tanimu

Yamai, 18 ga Afrilu

Salamatu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da yara, da fatan kuna cikin rahamar Allah. Kwana uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ban samu buhun ba.

Bari in gaya miki yadda aka yi, don kada ki ji a bakin wani.

An ce mu taru a filin wasa da ƙarfe shida, mu kusan ɗari uku. Babban sojan da zai harba bindigar tashi bai zo ba sai takwas ta wuce, kuma ba wanda ya isa ya ce a fara ba shi. Muka tsaya a rana muna jira. Da aka tashi, gudron ya riga ya ɗau zafi.

Farko ya yi kyau. Muka bi ta Yantala, mata na guɗa a bakin hanya. A Gudel abokan aikina suka fito suna kiran sunana. Tebur biyu na farko na wuce ban sha ba. A na uku na yi yadda Oumarou ya ce, na fizgi kofi ina gudu, rabin ruwan ya zube a ƙasa. Wallahi sai na gan ki a hanyar rijiya da tulu, ke da kike fita da hantsi ki komo da azahar. Ga ruwa nan yana malala a gudron, mutane na tattaka shi. Abin ya tsaya mini a rai. Tebur na gaba na tsuguna na sha abina yadda na saba, mutum biyu suka wuce ni, kafin mu kai Saga na kamo su. Sai na ce a raina ashe Oumarou tsoro ne kawai gare shi.

A hanyar komowa daga Saga masu cinyoyin nan suka fara zubewa, wasu na amai, wasu motar soja na kwashe su. Ni kuwa yunwa da rana ba baƙina ba ne. A kilomita talatin da biyar Oumarou ya yi mini ihu daga kan kekensa cewa ni ne na goma sha huɗu. Saura kilomita bakwai. Na riga na fara tunanin kamiyon da zan ɗora buhun.

Harshena ya bushe kamar fata. Na isa tebur, na karɓi kofi, ban ma yi shawara ba, jikina ne ya tsuguna da kansa. Na ji Oumarou yana cewa, "Kada ka zauna, Tanimu!" Na yi bisimilla, na sha sau uku, na miƙa kofin. Na yunƙura in tashi, ƙafafu suka ƙi. Jijiyoyin cinyata suka ɗaure tamau, na faɗi a gefe ina birgima. Oumarou ya jefar da keke zai ɗaga ni, wani soja ya tare shi, ya ce duk wanda aka taɓa ya fita daga tsere.

Ina kwance ina ganin ƙafafu suna wucewa, ina ƙirga su. Da na shida ya wuce na kama ƙafar tebur na miƙe, na sake faɗuwa. Na bakwai wani dattijo ne mai furfura, har ya ce mini sannu. Daga nan na daina ƙirga.

Na ƙarasa, ina jan ƙafa kamar mai shanyewar jiki. Na zo na talatin da uku. Suka ba ni riga da wata takarda mai hatimi. Buhunan suna jere a gindin rumfa, na ga ana ɗora wa mutane a ka. Oumarou bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya goya ni a keke har Gudel, ba abin da yake cewa sai kala suru, wato haƙuri.

Ba rana ce ta kayar da ni ba, ba kuma jiran sojan nan ba. An gaya mini, ban ji ba. Na sa kin hana yara abin da ke saman kansu kwana hamsin a banza, ki yafe mini. Mai lambu ya ce ruwan ya yi nisa, ƙarshen wata zai sallami rabinmu, ban san ko ina ciki ba. Rigar tana hannun direba, ki yanke wa Mariya.

Na san Inna ba za ta bari ki hau rumbu ba sai ta ji daga gare ni. Mushe Hasan, ka je kusa da ita ka ɗaga murya, kunnenta ya yi nauyi. Inna, ni ne Tanimu. A sauke damin nan uku a sussuka. A fara dama wa Bala.

Ku huta lafiya.

Tanimu